Ɗaura Motar Canjin Layi a Ƙarƙashin Teburin Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Tambaya: Ina da ƙaramin layin dogo na wasa na sikelin HO (girman da tazarar ƙarafansa take milimita 16.5) a kan tebur, da marabar layi, wato inda layi ke rabuwa biyu, goma sha biyu, duk na kamfanin Peco. Da na'urar maganaɗisu nake juya su, amma ƙarar nan ta "ƙas!" ta ishe ni, kuma koyil biyu, wato naɗin wayar da ke cikinta, sun riga sun ƙone mini. Ina so in koma amfani da ƙananan motocin lantarki masu juya layi a hankali. Ta ina zan fara, ganin rabin layin na riga na manne shi da gam, har na zuba masa tsakuwa?

Ɗan'uwa, ka yi shawara mai kyau, kuma aikin bai fi ƙarfinka ba. Sai dai ina so tun farko ka cire wa ranka cewa wahalar tana wajen wayoyin wuta ne. Wayoyi biyu kacal motar take buƙata ta yi tafiya. Inda mutane suke shan wuya shi ne rami, da saitin tsakiya, da marabar da ita kanta ba ta da lafiya tun kafin a kawo mata mota. A nan zan fi daɗewa.

Mu daidaita sunaye tukuna don kada mu rikita juna. A kowace maraba akwai ƙarafan gefe guda biyu waɗanda ba sa motsi. A tsakaninsu akwai sirara biyu masu motsi, masu tsini a baki, su zan riƙa kira harsuna. Sandar da ta haɗa harsunan biyu take jansu dama da hagu ita ce sandar ja. Can gaba kuma, inda ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini kamar kan kibiya, shi ne wurin da masu wannan sha'awa a Amurka da Ingila suke yi wa laƙabi da kwaɗo. Ni ma haka zan kira shi.

Abin da ya ƙona maka koyil ba boyayye ba ne. Na'urar maganaɗisu koyil biyu gare ta, kowanne yana fizgar ƙarfe zuwa ɓangarensa, kuma an yi ta ne ta sha wuta mai yawa na ƙiftawar ido kawai. Da maɓalli ya maƙale, ko yatsa ya daɗe a kansa na 'yan daƙiƙu, sai koyil ya yi zafi, robar da ke jikinsa ta narke. Masu ci gaba da amfani da ita sukan sa mata akwatin kafasita mai tara wuta ya sako ta lokaci guda, wanda ke kare koyil daga ƙonewa. Amma ƙarar ba ta tafiya, kuma wannan fizgar a kwana a tashi tana sassauta mahaɗin harsuna.

Motar da kake so ta bi wata hanya dabam. Mafi shahara a cikinsu ita ce Tortoise ta kamfanin Circuitron na Amurka, koren akwati mai faɗin wajen santimita 5 kowane gefe, da tsayin sama da santimita 8. A cikinsa ƙaramar mota ce da jerin giya masu rage gudu. A ƙarƙashin tebur ake ɗaura shi, hannun motar yana karkata wata siririyar wayar ƙarfe da ke hawa ta ramin katako ta shiga ramin sandar ja. Tana ɗaukar kamar daƙiƙa uku ta kai harsuna daga wannan gefe zuwa wancan, in ta kai sai ta tsaya cak alhali wuta tana jikinta, ta ci gaba da danna harshen a jikin ƙarfen gefe. Haka aka ƙera ta, tsayuwar ba ta cutar da ita, don wutar da take ja a tsaye ba ta wuce miliamfiya 15 zuwa 16 a kan bolt 12. Ka ga ke nan ƙaramar adafta mai miliamfiya 500 za ta riƙe goma sha biyunka har da saura mai yawa. Cobalt ta kamfanin DCCconcepts ma daga ƙarƙashin tebur ake ɗaura ta, da waya mai hawa sama ta cikin rami, saboda haka yawancin abin da zan faɗa ya shafe ta.

Kafin ka sayi komai, leƙa ƙarƙashin teburinka da fitila. Kowace maraba, duba abin da ke ƙarƙashin sandar janta. Sau da yawa za ka tarar katakon da ke tallafe da teburin ya ratsa daidai wurin. Ka auna kuma ko akwai zurfin santimita 9 zuwa 10 da akwatin zai rataya ba tare da gwiwarka ko wata durowa ta buge shi ba. Wannan leƙen na minti goma shi zai gaya maka marabobi nawa ne masu sauƙi, nawa ne za su nemi dabara.

Yanzu ga maganar da na fi so ka riƙe. Mota ba ta gyara maraba. Idan harsuna suna cije wa, ko gam ya shiga ƙarƙashin sandar ja, ko ƙwayar tsakuwa ta maƙale tsakanin harshe da ƙarfen gefe, na'urar maganaɗisu takan rufe wannan aibi saboda ƙarfin fizgarta. Mota mai tafiya a hankali ba ta da wannan fizgar, da siririyar waya take turawa, duk wani cikas sai ya fito fili. Saboda haka sa tsinke a ramin sandar ja, ka tura ta dama da hagu. Ya kamata ta tafi sumul. In ka ji tana ja, ka kankare busasshen gam da bakin reza, ka tsince tsakuwar da ke kusa, ka shafa bakin fensir a inda sandar take gogar katakan kwance da ƙarafan layi ke zaune a kansu. Kada ka sa mai, ƙura yake tarawa.

Marabobin Peco suna da wani ɗan sifirin a kusa da sandar ja, shi ne mai sa harsuna su yi tsalle su manne a gefe guda. Na'urar maganaɗisu tana buƙatarsa, don ita ba ta riƙe harshe bayan ta ja. Motarka ba ta buƙatarsa. In ka bar shi, waya za ta yi ta lanƙwashewa tana tara ƙarfi, sannan harsunan su yi tsalle lokaci guda, wato ka kashe kuɗi ka dawo da ƙarar da kake gudu. Ɗaga ɗan murfin da ke kansa, ka zare shi da hantsaki. Ajiye shi a cikin ƙaramar leda, wata rana za ka so mayar da wata maraba ta hannu.

Sai rami. A marabobin da ba ka manne ba tukuna, abin mai sauƙi ne. Ajiye maraba a mazauninta, ka riƙe harsuna a tsakiya, ka zura fensir mai tsini ta ramin sandar ja ka yi ɗigo a kan katako. Ɗauke marabar, ka huda daidai kan ɗigon. Ni da bakin milimita 10 nake hudawa. A sikelin HO, inda tazarar ƙarafa take milimita 16.5, tafiyar sandar ja 'yan milimita ce kawai, don haka wani zai ce ƙaramin rami ya isa. Amma wayar ba a miƙe take tafiya ba, karkata take yi, kuma da ta taɓa bangon rami ƙarfinta ya tafi a banza. Rami mai yalwa ya fi. In kana tsoron tsakuwa ta zube ta ciki, manna siririyar takarda mai kauri a kai, ka yanka mata tsaga daidai hanyar waya. Ka goge bakin ramin da sanfefa, don sartse ɗaya da ya miƙe ya isa ya riƙe sandar.

Waɗanda ka riga ka manne su ne masu neman natsuwa. Da farko zura siririn bakin huda, kamar milimita 1, ta ramin sandar ja daga sama, harsuna suna tsakiya, ka huda har ya ɓulla ƙasa. Wannan shi ne alamarka. Sannan ka cusa siririn faifan ƙarfe, ko da yankin gwangwani ne, tsakanin sandar ja da shimfiɗar da ke ƙarƙashinta, ya zama garkuwa. Ka auna kaurin katakon, ka naɗa tef a jikin babban bakin huda daidai wannan tsawon, ko ka sa masa zoben tsayarwa, sannan ka huda daga ƙasa a hankali. Na taɓa rasa maraba sukutum a wannan matakin. Ban sa garkuwa ba, bakin hudar ya ɓulla da ƙarfi ya kama sandar ja, ya murɗe ta, harshe ɗaya ya tsinke daga mahaɗinsa. Sai da na jiƙa tsakuwar da ruwa, na ɓamɓare marabar gaba ɗaya, na sa sabuwa. Tun daga ranar, milimita biyu na ƙarshe da hannu nake murza bakin hudar, ba da inji ba.

Inda katako ya tare ƙasa, ba dole ba ne waya ta hau ta tsakiyar layi. Sandar ja tana da kunnuwa da suka fito waje da ƙarafan gefe, kana iya huda raminka a ƙarƙashin kunne ɗaya. In can ma a toshe yake, sai a ɗaura motar nesa kaɗan, a kai motsin da waya mai tafiya cikin siririn bututu. Circuitron suna da kayan haɗi na musamman don wannan, kuma mai haƙuri zai iya ƙera nasa da bututun tagulla.

Kafin ka shiga ƙarƙashin tebur, gama duk aikin dalma a zaune. A ƙasan Tortoise akwai baki takwas masu lamba. Na 1 da na 8 su ne na mota. Sauran shida makunnai biyu ne da ke cikin akwatin, masu sauyawa tare da motsin motar: na 4 yana haɗuwa da na 2 ko na 3, na 5 kuma da na 6 ko na 7. Ka liƙa gajerun wayoyi masu launi dabam-dabam a duka takwas ɗin, ko da ba za ka yi amfani da su yau ba, ka kai su kan mahaɗa mai sukuru. Duk wanda ya taɓa kwanciya rigingine yana riƙe da ƙarfen dalma a saman fuskarsa, narkakkiyar dalma tana ɗigowa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Launi ɗaya ga baki ɗaya a duka motocin, kada ka canza.

Saitin tsakiya shi ne zuciyar aikin. Abubuwa uku ne za su zo tsakiya lokaci guda: harsuna, hannun motar, da waya a cikin rami. Harsuna, ka cusa ɗan kwali mai kauri ɗaya a kowane gefe tsakanin harshe da ƙarfen gefe, su tsaya daram a tsakiya. Hannun motar, ka taɓa bakin 1 da 8 da batir mai bolt 9 kaɗan-kaɗan har ya zo tsakiyar hanyarsa. Ana iya tura shi da yatsa, amma a hankali ƙwarai, don gaggawa tana iya cin haƙoran giya. Sannan ka manna tef mai gam fuska biyu a saman akwatin, ka kunna fitila a saman tebur ta haska ramin, ka zura wayar daga ƙasa. Za ka ga ɗan ɗigon haske ta ramin sandar ja, shi kake nema da bakin waya. Wani lokaci ka dace nan take, wani lokaci ka yi minti biyar kana lalube. Dabarar da ta fi taimaka mini ita ce barin wayar da tsawonta, ta wuce buƙata da santimita uku ko huɗu, don in fara zura ta tun akwatin yana nesa da katako ina ganin abin da nake yi. In akwai mai taimaka maka a sama yana cewa "dama kaɗan, gaba kaɗan", ka huta.

Da ta shiga, juya akwatin har hanyar da hannunsa ke bi ta yi daidai da kwanciyar sandar ja, wato a gicciye da layin. In ya karkace, wayar za ta riƙa tura sandar gaba ko baya tana goga ta da katakan kwance. Danna shi a jikin katako tef ɗin ya kama. Kada ka ɗaura sukuru tukuna. Cire kwalayen, ka ba shi wuta, ka juya sau goma kana kallo daga sama. Harshe ya manne a dama kamar yadda yake mannewa a hagu? In gefe ɗaya ya fi ƙarfi, akwatin bai zauna a tsakiya ba, ɓamɓare ka matsar da shi milimita ɗaya zuwa gefen mai rauni. Sai ka gamsu sannan ka huda ƙananan ramuka ka ɗaura sukuru, kuma kada ka matse har kunnuwan robar su tsage.

A jikin akwatin akwai wata 'yar madogara mai zamewa sama da ƙasa, wayar ta cikinta take ratsawa. In ka sauke ta ƙasa, tafiyar bakin waya a sama tana ƙaruwa, dannawar ma ta ƙaru. In ka ɗaga ta, ta ragu. Abin da ake so shi ne harshe ya kai ƙarfen gefe kafin mota ta kai ƙarshen tafiyarta, ragowar tafiyar ta lanƙwasa wayar kaɗan ta zama sifirin mai riƙewa. Wayar da ke zuwa a kwalin kaurinta inci 0.025 ne, wajen milimita 0.6. A kan siririn katako tana aiki lafiya. Amma in katako da shimfiɗa sun haɗu sun wuce santimita biyu da rabi, sai ta yi laushi, ka ga mota tana tafiya harshe bai kai ba. A nan ka canza ta da wayar ƙarfe mai tauri, irin ta fiyano, mai kaurin milimita 0.8, ko 1 in tebur ɗin yana da kumfa mai kauri a kai. Za ka ɗan faɗaɗa ramin madogara da na hannun motar ta shiga. Ni a HO kusan kullum 0.8 nake sawa tun farko.

Ragowar wayar da ta leƙo sama sai an yanke ta daf da sandar ja, in ba haka ba za ta kama cikin kan jirgi ko wayar da ke rataye a ƙarƙashin mahaɗin taragu. Kada ka kuskura ka yanke ta da almakashin da kake yanka ƙarfen layi, wayar ta fi bakinsa tauri, za ta yi masa giɓi. Nemi filaya mai yanka ƙarfe mai tauri, ka sa tabarau, ka riƙe guntun da yatsa ko ka rufe shi da tsumma, don yana tashi kamar harsashi.

Wutar motar kuwa, sauya fuskar wuta shi ne sauya hanya. Makunni mai baki shida, wanda aka gicciya wayoyin kusurwoyinsa, shi ke yin wannan: adafta ta shiga gefe ɗaya, baki biyun tsakiya su tafi 1 da 8. Makunni mai zama a inda aka sa shi ake so, ba mai komawa da kansa ba, kuma hannunsa ma yana nuna maka inda layi ya nufa. In ya juya saɓanin zanen layi da ke allon makunnanka, musanya wayoyin 1 da 8. Wani abin daɗi kuma, tunda wutar da motar take ja kaɗan ce, kana iya jera fitilar LED mai launi biyu, mai ƙafa biyu, a kan ɗaya daga wayoyin ba tare da resista ba. Ta nuna kore a miƙe, ja a karkace. Tana cin wajen bolt 2, motar ta ɗan ƙara sanyin tafiya, wanda ni ya fi min kyau a ido. Bolt 9 ma yana juya ta, kuma ƙarar giyar ta ragu.

Ba ka faɗi ko marabobinka Insulfrog ne ko Electrofrog ba. In na farko ne, kwaɗon roba ne, babu abin da za ka haɗa masa. In na biyu ne, kwaɗon ƙarfe ne mai ɗaukar wuta, kuma a nan makunnan cikin akwatin suke biyan kuɗinsu. Yadda marabar ta fito daga kwali, kwaɗo yana samun wuta ne ta taɓawar harshe da ƙarfen gefe. Ƙura kaɗan ko fenti ya shiga tsakani, sai ɗan gajeren kan jirgi ya zo ya mutu a kan kwaɗo. Maganin shi ne waya daga kwaɗo zuwa baki na 4, sannan manyan wayoyin layi biyu su tafi na 2 da na 3. Amma akwai tarko. Idan harsuna suna haɗe da kwaɗo a wuta, makunnin cikin akwati zai iya sauyawa tun harshe bai rabu da ƙarfen gefe ba, wuta ta haɗu, komai ya ɗauke. Shi ya sa ake yanke ƙananan wayoyin nan biyu da ke ƙarƙashin marabar masu haɗa kwaɗo da ƙarafan harsuna, sannan a liƙa kowane ƙarfen harshe da ƙarfen gefen da ke kusa da shi. Ƙarafa biyun da suka fita daga kwaɗo kuma a sa musu mahaɗin roba. A marabobin da ba a manne ba, aikin minti goma ne. A mannannun, sai dai ka yanka tsaga daga sama da siririn zarto, ko ka bar kwaɗo yadda yake ka riƙa tsabtace bakin harsuna. Bayan haɗawa, ka auna da mitar wuta: idan layi ya miƙe, tsakanin kwaɗo da ƙarfen gefen da ƙafar jirgi ta ɗaya ɓangaren za ta taka dole ka ga cikakkiyar wuta. In ka ga sifiri, musanya 2 da 3.

Idan da DCC kake tuƙi, wato tsarin da ake aika wa jirgi umarni ta cikin wutar layi, kuma kana son juya marabobi daga abin riƙewa a hannu, akwai dikoda, wato ɗan allon da ke karɓar umarnin, na musamman ga irin wannan mota, wasu samfuran Cobalt ma da nasu a ciki suke zuwa. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ciyar da su daga wayar da ke ciyar da layi kai tsaye. Ranar da jirgi ya shigo maraba ta baya alhali an saita ta saɓaninsa, wuta za ta haɗu, na'urar DCC ta yanke, dikodan ma ya mutu, ka rasa yadda za ka juya marabar da ta jawo matsalar. Ja musu waya tasu daban tun daga na'ura, layin kuma ka sa masa mai yanke wuta nasa.

Za ka ji wasu suna ba ka shawarar ƙananan motocin da ake kira "servo", irin SG90, masu aiki da bolt 5, waɗanda ake sarrafawa da allon Arduino ko makamancinsa. Suna da ƙanƙanta, suna shiga inda koren akwatin ba zai shiga ba, kuma ana saita iyakar tafiyarsu daidai-wa-daida. Sai dai sukan yi rawa in wayar saƙo ta yi tsawo, wasu kuma sukan zabura lokacin da aka kunna wuta, ga shi sai ka ƙara musu makunnin kwaɗo da kanka. Ga marabobi biyu ko uku da katako ya tare, suna da amfani. Ga sauran, ni motar da ke tsayawa da wuta a jikinta zan ɗauka.

Fara da maraba ɗaya cikin waɗanda ba ka manne ba, wadda take kusa da bakin tebur. Gama ta gaba ɗaya, har kwaɗo da fitila. Sannan ka ɗauko mafi gajartar kan jirginka da mafi rashin nauyin taragunka, ka tura su ta kanta gaba da baya, miƙe da karkace, a mafi ƙanƙantar gudu. Kan jirgin zai gaya maka ko kwaɗo yana da wuta, taragon kuma zai gaya maka ko harshe ya manne, don ƙafarsa ce za ta fara hawa bakin harshen da ya bar giɓi. Ka bar ta ta yi mako guda tana aiki kafin ka taɓa ta biyu, sannan ka rubuta lambar kowace maraba a jikin akwatinta da kan wayoyinta da alƙalami mai kauri, yadda za ka iya karantawa a kwance da fitila a hannu.